Fashin Baƙi: Me Matafiyi Yake Saya Idan Ya Sayi Inshorar Tafiya ta Manhajar Waya?

Yawancin mutanenmu ba sa jin labarin inshorar tafiya sai ranar da suka tashi haɗa takardun neman biza. Dokar biza ta shekarar 2009 ta ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Schengen ta wajabta wa mai neman bizar ɗan gajeren zama ya gabatar da shaidar inshorar lafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Dole ne kuma ta yi aiki a dukkan ƙasashen yankin, waɗanda yanzu suka kai 29, na tsawon kwanakin da zai yi, ta ɗauki nauyin jinyar gaggawa da kwanciya asibiti da mayar da marar lafiya gida, ko mayar da gawarsa idan ta Allah ta kasance. A da, ejan ɗin da ke cike wa mutum fom shi ne ke samo wannan takarda, a cusa ta cikin fayil, biza na fitowa kuma a manta da ita.

Yanzu aikin ya koma cikin wayar hannu. Mutum zai sauke manhaja, ya shigar da ƙasar da za shi, da ranar tafiya da ta dawowa, da shekarunsa da lambar fasfonsa, nan take farashi ya fito, ya biya da kati ko ya tura kuɗi daga asusunsa na banki, kafin ya ajiye wayar takardar shaida ta shigo imel ɗinsa. Wani lokaci ma ba shi ke zuwa neman inshorar ba, ita ce ke tarar da shi a shafin sayen tikitin jirgi, inda ake danna alama a wani ɗan gurbi sai a ƙara kuɗinta a kan na tikiti. Salon sayarwar ma ya yawaita. Akwai ta tafiya guda, akwai ta shekara ga mai yawan zirga-zirga, akwai irin ta kamfanin SafetyWing da ake cire kuɗinta duk bayan mako huɗu har sai mutum ya dakatar, kuma a 2018 manhajar kuɗi ta Revolut ta fito wa abokan cinikinta da wadda ake biya kwana-kwana, inda wayar ke gane cewa mai ita ya ƙetare iyaka sai inshorar ta fara aiki da kanta. Wannan ci gaba ne na gaske, ya rage wa mutane sintiri a ofisoshi da biyan la'adar da ba ta da dalili. Sai dai abin da manhaja ta sauƙaƙa shi ne saye. Yarjejeniyar da ke ƙarƙashinta tana nan da tsawonta da sharuɗɗanta da abubuwan da ta togace, kuma wannan saurin da ake alfahari da shi shi ne ke sa mutane da yawa su amince da abin da ba su karanta ba.

Farkon abin da ya kamata a warware shi ne wanda ke bayan manhajar, domin sunan da ke kan fuskar waya sau da yawa ba shi ne mai ɗaukar asara ba. Galibi hannu uku ne a cikin harkar. Mai manhajar dillali ne ko wakili, aikinsa talla da karɓar kuɗi da tattara takardun masu neman diyya. Kamfanin inshora mai lasisi shi ne wanda diyya ke fita daga aljihunsa, kuma sunansa yana jikin takardar shaida, sau da yawa da ƙananan haruffa a can ƙasa. Na ukun shi ne kamfanin agaji, mai ma'aikatan da ke amsa waya dare da rana da kuma yarjejeniya da asibitoci a ƙasashe daban-daban, kuma shi ne zai yi magana da likita a madadin matafiyi ranar da abu ya faru. Manhaja tana iya yin kyau ƙwarai alhali na biyun ba shi da ƙarfin biya, ko na ukun ba shi da kowa a ƙasar da mutum ya nufa.

A Nijeriya, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa da dokar 1997, ita ke ba da lasisi, kuma tana wallafa sunayen kamfanoni da dillalan da ta amince da su, don haka duba sunan ba wani jan aiki ba ne. Nijar da Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin tsarin CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992 wadda ta haɗa ƙasashe 14 a kan dokar inshora guda, Gana kuma tana da tata hukumar. Akwai tarko biyu a nan da ke kama mutanen da ba su yi niyyar yaudarar kowa ba. Manhajoji da yawa na ƙasashen waje suna sayarwa ne ga mazauna Amurka ko Ingila ko Tarayyar Turai kaɗai, kuma wanda ya aro adireshin ɗan'uwansa da ke can ya saya, to ya sayi takardar da za a soke a ranar da ya nemi diyya. Na biyu kuma ya shafi biyan kuɗin. Ƙa'idar da ake aiki da ita a Nijeriya ita ce, in kuɗi bai shiga ba babu kariya. Saƙon banki na cewa an cire kuɗi daga asusu ba ya nufin sun isa hannun kamfani, kowa kuwa ya san yadda kuɗi ke maƙalewa a hanya. Har sai takardar shaida ta fito ɗauke da lambar yarjejeniya da sunan mutum daidai yadda yake a fasfo, bai kamata ya ɗauka yana da inshora ba.

A ganina, ɓangaren lafiya shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan ne ya fi dacewa a auna kowace manhaja. A ce ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya je Istanbul sarin kaya, da tsakar dare ciwon ciki ya murɗe shi, abokin tafiyarsa ya kai shi asibiti mai zaman kansa, likita ya ce afendis ne kuma sai an yi tiyata kafin gari ya waye. Ma'aikaciyar da ke teburin karɓar kuɗi abu ɗaya take jira daga cikin biyu: ko wasiƙar alkawarin biya daga kamfanin agaji, ko katin da za ta cire kuɗi nan take. Idan yarjejeniyarsa mai biyan asibiti kai tsaye ce, abokin zai danna lambar gaggawa a manhajar, ya karanta lambar yarjejeniya, ya miƙa wa ma'aikaciyar wayar, kamfanin agaji ya nemi rahoton likita, ya aiko da wasiƙar. Idan kuwa irin wadda ake cewa ka biya tukuna mu mayar maka ce, to kuɗin sarin kayan ne za su tafi a daren, sannan a dawo gida a fara ɗaukar hoton rasidi ana turawa ana jira. Dukansu biyu sunansu inshorar tafiya, dukansu za su iya wuce ofishin jakadanci, kuma bambancin farashinsu a manhaja ba lallai ya yi yawa ba. Araha dai ba ta ado.

Manhajojin da suka san aikinsu sun kawo sauƙi a daidai wannan gaɓa. Wasu suna nuna asibitocin da ke kusa waɗanda kamfanin ke hulɗa da su, wasu suna haɗa matafiyi da likita ta bidiyo ko ta rubutu don ƙananan larurori, wasu suna barin a kira su ta intanet ba tare da an kashe kuɗin kiran ƙasar waje ba. Amma kusan kowace yarjejeniya tana da sharaɗin cewa a sanar da kamfanin agaji kafin a kwantar da mutum ko a yi masa babban aiki, ko kuma da zarar hali ya yi idan ba ya cikin hayyacinsa. Wanda ya yi shiru har aka sallame shi yana iya samun ragin diyya ko a hana shi baki ɗaya. Haka nan kwaso marar lafiya da jirgin asibiti, wanda kuɗinsa kan kai dubban daloli masu yawa, likitocin kamfanin ne ke yanke shawarar ko ya zama dole, kuma iyalin da suka yi gaban kansu suka ɗauko jirgi su ne za su biya.

Inda aka fi samun saɓani shi ne ciwon da mutum ya bar gida da shi. Hawan jini, ciwon sukari, sikila, asma, ciwon zuciya ko na ƙoda, duk yawancin yarjejeniyoyi sun togace su, sai fa idan an bayyana su tun farko kuma kamfanin ya amince, galibi da ƙarin kuɗi. A zamanin takarda, ma'aikaci yakan yi wa mutum tambayar baki da baki. A manhaja kuwa tambayar ta zama layi guda da ake danna wa “a'a” don a wuce gaba, kuma wannan dannawar ɗaya tana da nauyin sa hannu. Idan dattijon da ke shan maganin hawan jini ya danna cewa lafiyarsa ƙalau, sannan shanyewar ɓarin jiki ta same shi a Jamus, kamfanin zai nemi tarihin jinyarsa, kuma likitan da ya karɓe shi ya riga ya rubuta magungunan da aka tarar a jakarsa. Juna biyu ma yana da iyakar makonni da aka gindaya, shekaru kuma suna ƙara farashi ko su rage adadin kariya.

Akwai kuma rashin fahimtar da ta shafe mu kai tsaye, ganin yawan masu zuwa Masar da Indiya da Dubai neman magani. Inshorar tafiya ta ciwon ba-zata ce. Wanda ya tashi takanas don a yi masa dashen ƙoda ko aikin ido ko na ƙashin baya, ba za ta biya masa kuɗin aikin ba, kuma sau da yawa ba za ta biya matsalar da ta biyo bayan aikin ba. Duk wanda ya sayar wa irin wannan matafiyi inshorar tafiya bai faɗa masa haka ba, ya zalunce shi.

Wani abin dubawa shi ne kuɗin da aka rubuta adadin kariyar da shi. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kariyar shekara guda da aka rubuta da naira tana iya narkewa kafin wa'adinta ya cika, alhali asibitin waje da Yuro ko dala yake lissafi.

Sabon abu na haƙiƙa da fasaha ta kawo shi ne diyyar da ke biyan kanta. A wannan tsari ba a tambayar mutum asarar da ya yi, an dai amince tun farko cewa idan jirgi ya makara da sa'o'i kaza za a biya kaza, manhajar kuma tana bibiyar bayanan tashi da saukar jirage, lokacin na cika kuɗi su faɗa asusu ba tare da cike fom ba. Kamfanin AXA na Faransa ya gwada haka a 2017 da wani tsari mai suna Fizzy, mai biya idan jinkiri ya kai sa'o'i biyu, ya kuma rufe shi a 2019, amma dabarar ta ci gaba a hannun wasu. Duk wanda ya taɓa yini a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a watan Janairu, hazo ya rufe sararin sama ana ta ɗage tashi, zai ga amfanin irin wannan, musamman da yake kamfanin jirgi ba ya biyan diyya a kan abin da yanayi ya jawo. Kuɗin dai ba su da yawa, na abinci ne da makwanci, kuma bai kamata armashinsu ya ɗauke hankali daga ɓangaren lafiya ba.

Ya kamata kuma a sani cewa fasinja yana da haƙƙi a kan kamfanin jirgi ko da bai sayi inshora ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ke aiki da ita, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da suka ɓata ko suka lalace ko suka makara, har zuwa iyakar da aka ɗaga a ƙarshen Disambar 2024 zuwa kimanin dala 2,000 ga kowane fasinja. Ƙorafin lalacewa ana shigar da shi a rubuce cikin kwana 7, na makara cikin kwana 21. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 kuma ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya, idan laifin jinkirin na kamfanin ne. Kamfanin inshora yakan cike giɓin da ya rage ne bayan wannan, shi ya sa farkon abin da manhaja za ta nema shi ne takardar rahoton ɓatan kaya. Wanda ya tsaya a bakin na'urar da ke juyo da akwatuna har ta tsaya bai ga nasa ba, to kada ya bar filin jirgin sai ya je teburin ƙorafi da ɗan tikitin kayan da aka liƙa masa a bayan takardar shiga jirgi, an rubuta masa rahoto an ba shi lamba. In babu wannan lamba, hoton akwati da rantsuwa ba za su yi aiki ba. 'Yan kasuwa, musamman mata masu sarin gwal da abaya da turare, su lura cewa kariyar kaya ta kayan amfanin kai ce. Hajar sayarwa a togace take, tsabar kuɗi da gwal da waya kuma suna da ƙaramar iyaka ta daban, sau da yawa ma ba a biyansu idan a cikin akwatin da aka auna aka saka su.

Sai batun abin da aka riga aka sani. Inshora tana aiki ne a kan abin da bai faru ba kuma ba a hango shi ba, kuma da yake manhaja tana rubuta sa'a da mintin da aka saya, babu wurin gardama. Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020, kamfanoni da yawa sun ɗauke ta a matsayin sanannen abu, waɗanda suka saya daga baya ba su sami diyyar soke tafiya ba. Haka abin yake ga yajin aikin da aka riga aka sanar ko guguwar da aka riga aka yi gargaɗinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaƙi da juyin mulki da tarzoma kuwa kusan kowace yarjejeniya ta gama-gari ta togace su. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ritsa da dubban 'yan Nijeriya, akasarinsu ɗalibai, kuma gwamnati ce ta ɗauki nauyin kwashe su ta iyakar Masar da Port Sudan. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo rufe iyakoki da sararin samaniya, matafiya da yawa suka maƙale. A irin waɗannan ranaku, ofishin jakadanci ne madogara.

Tafiyar cikin gida ta fi wuyar sha'ani, domin an tsara yawancin waɗannan manhajoji ne da tunanin mai hawa jirgi ya sauka a otal, alhali mu akasarin tafiyarmu a mota ce. Wasu yarjejeniyoyin ba sa ɗaukar tafiya a matsayin tafiya sai ta kai wani nisa daga gida ko an kama masauki tun kafin a tashi, wanda ke nufin mai zuwa biki Zariya ya kwana gidan 'yan'uwa bai shiga lissafi ba. Abin da ke da amfani a nan shi ne kariyar haɗari, mai biyan jinya ko diyyar naƙasa ko ta rai. Mai tuƙa motarsa kada ya dogara da inshorar dole ta naira 15,000 da ta fara aiki a Janairun 2023, domin ɓarnar da ya yi wa wani take biya, ba jinyarsa ba. Babban abin da ke damun mai bin hanyoyinmu kuwa, wato garkuwa da mutane, ba ya cikin inshorar tafiya ta yau da kullum, kuma harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 irin abin da ake sakawa ne a babin ta'addanci, wanda sau da yawa a togace yake. Ina ganin kamfanonin gida suna da bashin fayyace wannan a shafin farko na manhajarsu, da Hausa ma, maimakon binne shi a tsakiyar dogon rubutun Turanci.

Masu zuwa Saudiyya nasu tsarin daban ne, domin an haɗa kuɗin inshora a cikin kuɗin bizar Umara da kuma bizar yawon buɗe ido da aka fara bayarwa a Satumbar 2019. Da yawa sun biya ba su ma san suna da ita ba. Ta fi karkata ga jinyar gaggawa da haɗari a cikin ƙasar, saboda haka wanda zai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, ko zai zarce wata ƙasa daga can, yana da sauran giɓin da zai duba.

Ga mai damuwa da hukuncin addini, maganar tana da tarihi. A Disambar 1985, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda cewa inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari, wato rashin tabbas, mai yawa da ke ɓata ƙulla ciniki, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya a matsayin madadi. Tun kafin nan, a 1979, aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan. A tsarin takaful, wato wannan inshorar taimakekeniya, abin da mahalarta ke zubawa gudummawa ce ga asusu na bai ɗaya, kamfanin wakili ne mai karɓar ladan gudanarwa, rarar da ta saura kuma ana iya raba ta ga mahalarta. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma Noor Takaful da Jaiz Takaful suna cikin waɗanda suka sami lasisi. Takaful ma yana da nasa sharuɗɗan da togaciya, kuma mai neman biza da takardarsa sai ya tabbata ta cika abin da ofishin jakadanci ya gindaya.

Manhajar tana karɓar hoton fasfo da tarihin lafiya da lambar kati, wani lokaci har da inda mutum yake a kowace sa'a, kuma wasu kamfanoni na'ura ce ke fara tantance buƙatar diyya kafin ɗan'adam ya gani. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum damar sanin abin da aka tattara a kansa, da neman ɗan'adam ya sake duba hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke. Waya kuma tana iya mutuwa ko a sace ta, ko mai ita ya kasance a sume, don haka lambar yarjejeniya da lambar kiran gaggawa suna buƙatar zama a takarda cikin fasfo, da kuma a hannun wani na gida. Idan aka hana diyya, mataki na farko shi ne a nemi dalili a rubuce tare da sakin layin da aka dogara da shi, sannan a ɗaukaka ƙorafi a cikin kamfanin, in bai yi ba a kai ga NAICOM idan kamfanin na Nijeriya ne. Wanda ya saya daga manhajar waje kuwa zai tarar a ƙarshen yarjejeniyar an rubuta ƙasar da dokarta ke hukunci da kotun da za ta saurari ƙara, kuma can ɗin zai bi da ƙorafinsa, da harshensu da kuɗin lauyansu.